Dalilin Da Ya Sa Sauro Ke Haihuwa A Ruwan Da Aka Manta

Bana damina ta zo ba ta tarar da matata Hakama ba. Babu mai zagaya gida bayan ruwa ya ɗauke tana kife kwanoni tana faɗa, babu kuma mai yi wa jikoki labari. Ni ban iya kamarta ba, amma jiya da yamma jikata Shatu ta tsare ni a zaure, ita da ƙannenta.

"Angona, ka ce ka iya na sauro. In ka ɓata shi na fasa auren."

"Amarya, zauna. Wa zai kwashe ki in na sake ki?"

Na gyara murya na fara yadda Hakama ke farawa.

Dalilin da ya sa sauro ke haihuwa a bayan ɗakunanmu, a da can ba ya shigowa gari. Uwar sauro a tafki take zaune, maƙwabcinta kifi. Duk sanda ta haihu, sai ta waiga ta ga 'ya'yan sun ragu.

"Malam Kifi, ina yarana?"

"Wallahi hamma na yi, suka faɗa."

"Kullum hamma?"

"Barci ne ba ya isata, maƙwabciya."

Da ta ga hammar ba mai ƙarewa ba ce, sai ta ɗaure kayanta, ga ciki ya tsufa, ta nufi gari neman inda za ta sauke.

Gidan farko da ta yi sallama na wata mata ne, Tasalla, wadda ta yi suna wajen tsabta. Shara take yi har kaji na zamewa a tsakar gidanta. Ba a korar baƙo, balle mai ciki, don haka Tasalla ta shimfiɗa mata tabarma.

"Uwar gida, ki ara mini randarki in haihu."

"Randar da muke sha? Allah ya kiyaye!" Ta jawo faifai ta rufe.

"To rijiya fa?"

"Tana da murfi, kuma ba zan buɗe ba."

Uwar sauro ta sosa ƙeya da siririyar ƙafarta, ta ce, "To ba ni abin da ba zai rage ki da komai ba. Duk ruwan da kika manta da shi a gidan nan, ki bar mini, ni da zuriyata."

Tasalla ta yi dariya har ɗankwalinta ya faɗi. "Ni in manta? Ni da na san yawan tsinken tsintsiyata? Na ba ki, duniya da lahira!"

Suka kira ƙadangare daga kan katanga ya zama shaida. Ya gyaɗa kai.

To Tasalla tana da hali irin na iyayenmu: ba ta yar da komai. Tukunyar aurenta ta fashe, ta ajiye gindin a bayan ɗaki, wai za ta yi kaskon turare. Turmi ya tsage, ta jingine shi, wai zai yi kujera. Ga gwangwanaye, ga kaskon ruwan kaji a ƙarƙashin rumbu, ga indararo da ganye ya toshe, ga tsohuwar tayar maigida.

Shatu ta katse ni. "Taya? A zamanin da kifi ke magana?"

"Haka kakarki ta faɗa, kuma lokacin da take faɗa ni take harara. Yi shiru."

Aka yi ruwa kamar da bakin ƙwarya. Ba a daɗe ba Tasalla ta ji guɗa a bayan ɗakinta. Ta leƙa, sai ga taron suna! Sauro a turmi, sauro a gwangwani, jarirai na wutsil-wutsil a gindin tukunyar aurenta. Uwar sauro ta sha kwalli tana karɓar barka.

"Uwar gida, shigo mana! Yara, ga mai masaukinmu, ku je ku gaishe ta."

Suka gaishe ta a wuya, suka gaishe ta a ƙafa, suka gaishe da jaririn da take shayarwa har jikinsa ya yi zafi. Tasalla ta goya shi ta ruga wurin ƙadangare tana marin kanta hagu da dama.

"Malam, a warware alkawarin nan! Za su kashe mini ɗa!"

Ƙadangare ya ce, "Alkawari ba ya tashi, da bakinki kika ce duniya da lahira. Amma ruwan da kika manta kika bayar. Wanda kika tuna, naki ne."

Tasalla ba ta tsaya godiya ba. Ta kife turmi, ta yi ƙwallo da gwangwani, ta zura muciya a indararo ruwan ya kwararo mata a ka, ta mirgina taya har ta bi maigida zaure. Sauro suka watse, ɗanta ya samu lafiya. Amma da aka sake ruwa, ta tuna turmi ta manta kaskon kaji.

Shi ya sa har yau sauro ba ya neman kogi, ɗan ruwan da ka manta a murfin kwalba ya ishe shi. Shi ya sa kuma yake zuwa kunnenka yana tambaya a hankali, "Ka manta? Ka manta?"

Ban rufe baki ba yaran suka zabura suka bazu cikin gida, ana kife-kife ana ihu. Can Shatu ta ƙwala mini kira daga bayan ɗakin kakarta. Kaskon turaren Hakama ne, mai ɓallin baki, inda ta bar shi. Tun rasuwarta ba wanda ya taɓa shi. Ya cika da ruwa, ga su nan suna wutsil-wutsil.

"Angona, a yar?"

"A'a. Zubar da ruwan, ki kife shi. Mun tuna."

Ku taya ni roƙo, Allah ya jiƙan Hakama, ya sanyaya makwancinta, ya tsare mana yaran nan daga zazzaɓin damina. Amin.