Roƙon Bushiya

Ga ta nan, ga ta nanku!

Ta zo, muna saurare.

A da can jikin Bushiya sumul yake, ba ƙaya ko ɗaya. Wata rana tana tonon gara, sai ta tono wani dutse mai ƙyalli, irin wanda ke biya wa mai tsintarsa buƙata ɗaya tak.

Zaki ya ji labari. Ya tare ta a bakin raminta, ya ɗora dagi a kan 'ya'yanta uku.

Ya ce, "Ke, roƙa mini kada in taɓa mutuwa. In kin ƙi, su ne kalacina yau."

"Ranka ya daɗe, in ka dawwama, har jikokina za ka ci ke nan?"

"Har tattaɓa-kunne!"

Bushiya ta dubi 'ya'yanta. Ta ƙanƙame dutsen, ta ɗaga murya: "Dutse, ba ni ƙaya, ni da zuriyata kaf!"

Nan take ƙaya ta tsiro musu, ta huda dagin Zaki. Ya ja baya yana ɗingishi, yana ruri: "Sai na cinye ki!"

Ta dunƙule ta ce, "Bismilla, ranka ya daɗe. Ta ina za ka fara?"

Ƙurungus, ga kan kusu nan!