Gurbin Suna a Waƙar Baba Cindo

Ku gyara zama. Kai kuma mai latse-latsen waya, kifa ta a ƙasa, don maganar nan har da irinka a ciki. Labari zan ba ku, in na gama ku za ku yi mini alƙalanci, domin ni dai na juya shi ta kowace fuska ban sami inda zan tsaya ba.

A Tungar Gawo, wani ƙauye da ke ƙetaren kogi, an yi wani tsoho mai gurmi ana ce masa Baba Cindo, saboda da yatsa shida aka haife shi a hannun dama. Gidansu gidan makaɗan kokawa ne tun kaka da kakanni, kuma suna da wata waƙa da suke kira Uwar Waƙa. Sau ɗaya ake yin ta a shekara, ranar da za a buɗe fagen kokawa bayan an gama girbi. Ba a rubuta ta, ba a naɗe ta a kaset. Mai ita ne ke zaunar da yaronsa gwiwa da gwiwa ya zuba masa ita a kunne. Kuma duk lokacin da ta sauya hannu, sai a ƙara mata suna a ƙarshe, sunan wanda ya yi sanadin haɗa mai bayarwa da mai karɓa. Suna ɗaya tak, don gurbin da kiɗan ya bari numfashi ɗaya yake ɗauka.

Yaro ɗaya Baba Cindo ya rena a gurmi, sunansa Jatau. Da Jatau ya ga hannunsa ya faɗa, sai ya nemi a ba shi Uwar Waƙa. Tsoho ya ce masa kunnensa bai nuna ba tukuna. Jatau ya yi zuciya, ya rataya gurminsa ya ƙetare kogi, ba a sake jin ɗuriyarsa ba. Shekaru suka yi ta wucewa. Hannun Baba Cindo ya kama rawa, ƙafafunsa suka daina ɗaukarsa, tari ya zauna masa a ƙirji. Kowa a Tungar Gawo ya san abin da ke tafe, ko da ba a faɗa da baki: ranar da aka binne tsohon nan, da waƙar za a binne shi.

To, ku san cewa a Tungar Gawo labari da ƙafa yake zuwa. Rediyon mai unguwa ya fi yawan kwana ba batir, sabis ɗin waya kuwa sai an hau kan Dutsen Kura. Sau nawa ana gama wasa a gari, a share fili, sannan mutanen ƙauyen su ji wai za a yi.

Ta farko a cikin mutanen da nake so ku auna ita ce Tabawa mai daddawa. Rannan tana zaune a kasuwar Dogon Marke sai ga mota da lasifika a ka, ana shela cewa Gwanin Tsirkiya zai yi wasa ranar Asabar bayan la'asar a babban ɗakin taro, daga nan kuma ya wuce ƙasashen waje. Sunan bai ce mata komai ba. 'Yan Tungar Gawo da yawa suna cikin kasuwar, sun ji, sun ci gaba da cinikinsu. Amma da mai shela ya yi shiru aka saki kiɗan, sai Tabawa ta saki abin awo. Akwai wani ɗan ƙarin sauti da yatsan Baba Cindo na shida ke yi idan ya goga tsirkiya, wanda Jatau ya koyi kwaikwayonsa da gefen hannu. Ita kuwa bayan katangar gidan Baba Cindo ta tashi, da wannan kiɗan ta koyi daka. Ta bar farantinta a nan, ta bi motar da ƙafa har tasha, ta tsaya a gabanta ta ce sai an sake sa mata. Samarin motar suka yi ta mata dariya, suna tambayarta ko rawa za ta taka. Ba ta kula su ba sai da ta tabbatar da rana da wuri. Da ta koma, awaki sun kifar da daddawar an tattake ta. Ba ta ko biya ta gidanta ba, ɗakin Baba Cindo ta nufa, ta durƙusa ta kwaikwayi kiɗan da bakinta.

Hawaye suka bi gemun tsoho. Can ya ce, "Jatau ne. Kuma kunnen ya nuna."

Nan fa gari ya ɗauka. Mai unguwa ya sa aka yi shela kowa ya wanke rigarsa, aka sayo goro, mata suka fara kitso. A saninsu ai kiɗa na kowa ne, in ka ji ganga ka nufi wurin, ka miƙa goro a ba ka tabarma. Wa ya taɓa jin an sa wa kiɗa ƙofa?

A nan na biyu ya shigo, Tanimu mai cajin waya. Shi ne ya tsaya a gaban dattawa ya ce goro ba zai shigar da kowa ba, sai da tikiti, kuma ta waya ake saye, in ba a yi sauri ba zai ƙare. Dattawa suka yi masa caa. Wani ya ce, "Kai yaro, malami ne zai sayi izinin ganin yaron da ya rena?" Tanimu ya juya ya bar su. Ya rufe shagonsa, masu wayoyi na ta faɗa, ya hau Dutsen Kura. Da farko lambar da masu shela suka bayar ya kira, ya ce a haɗa shi da Gwani, ga ubangidansa nan ba lafiya. Yarinyar da ta ɗauka ta ce, "Malam, kai ne na nawa yau da ya ce yana tare da uban Gwani?" ta kashe. Sai ya koma neman tikiti. Sabis ya zo, kafin ya gama ya ɗauke, ya sake daga farko. Haka ya wuni a tsaye kan dutse da hannu a sama, rana na gasa shi, leɓunansa sun bushe. Dab da batirinsa zai mutu abin ya shiga, guda ɗaya, ya sake nema aka ce masa an ƙare. Ku sani fa, duk ƙauyen babu mai ƙwaɗayin ganin irin wannan wasa kamar Tanimu, a 'yar wayarsa kawai yake kallonsu yana haɗiyar yawu. Da aka tambayi sunan mai shiga, sai ya sa na Baba Cindo. Tikitin ya zo a cikin wayar, wani ɗan zane kamar saƙar tabarma. Wayar nan da ko matarsa ba ta taɓawa, ita ya naɗe a leda ya ɗaura wa tsoho a wuya.

Ranar Asabar aka wayi gari kogi ya cika ya batse, an yi ruwa a sama. Masu kwale-kwale duk suka ɗaure jiragensu, suka ce ko uwar mutum ke naƙuda a ƙetare sai dai ta yi haƙuri. Sai na uku, Makau masunci, mutumin da bai cika magana ba, ya je ya sunkuci Baba Cindo ya shimfiɗa shi a jirginsa. Yadda suka ƙetare kuwa, waɗanda suka tsaya a gaɓa sun ce har sun fara salati, don ruwa ya ja su ya yi nisa da su kafin Makau ya sami gindin wata bishiya ya riƙe. Daga nan ya goya shi har bakin titi, suka sami mota zuwa Dogon Marke. A ƙofar ɗakin taro masu tsaro suka duba wayar suka ce tikiti ɗaya, mutum ɗaya.

Makau ya ce, "Yallaɓai, ai ni yau ba mutum ba ne, ƙafafunsa ne."

Babbansu ya yi dariya har da riƙe ciki, ya ce, "To ƙafafu, ku shiga. Amma sawun mutum ɗaya aka saya. In na ga ka sauke shi, waje za ka."

Makau ya ɗora tsoho a wuyansa, ya tsaya can baya cikin cunkoso, bai sauke shi ba. Wuyansa ya sage, gumi ya jiƙa shi sharkaf. Kuma abin mamaki, wannan sharaɗin na mai gadi shi ya yi aiki. Da a ƙasa tsohon ya zauna, wa zai gan shi cikin wannan taro? Amma Jatau na tsakiyar kiɗa ya ɗaga ido, sai ya hango wani farin kai sama da kan kowa, da hannu mai yatsa shida yana bin tsirkiya a iska. Gurmin ya tsaya cak. Ya sauko daga dandamali, jama'a na darewa, ya zo ya zube a gaban ƙafafun Makau yana kuka kamar ƙaramin yaro.

Jatau ya ɗage tafiyarsa, ya bi su Tungar Gawo da ruwa ya janye. Ya zauna gwiwa da gwiwa da malaminsa har waƙar ta shige kunnensa tun daga farko har ƙarshe. Sai ya ce, "Baba, saura sunan. Wa zan sa?" Tsoho ya ambaci Tabawa. Ya ambaci Tanimu, ya girgiza kai. Ya ambaci Makau, ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce a bar shi ya kwana da maganar. Bai tashi ba, Allah ya ji ƙansa.

Tun daga nan Tungar Gawo ta rabu. Mata da masu cin kasuwa suka ce Tabawa ce, don mutum nawa suka ji shelar nan ta wuce su, kuma ba a hawa dutse ko a shiga ruwa don abin da ba a san da shi ba. Samari suka ce ji kawai ba ya buɗe ƙofa, da ta dattawa aka bi, da garin duka ya je ya tsaya a waje da goro a hannu, ga shi kuma Tanimu kaɗai ne ya bayar da abin da ransa ke so. Masunta kuwa ba su da dogon bayani, cewa suka yi labari bai iya iyo ba, tikiti ba ya goyo, kuma a cikin ukun mutum ɗaya ne ya kusa barin 'ya'yansa marayu.

Duk shekara bayan girbi Jatau yakan dawo ya buɗe fagen kokawa da Uwar Waƙa. Yakan jero sunayen magabata, ɗaya bayan ɗaya, in ya zo na ƙarshe sai ya rufe bakinsa, gurmi kaɗai ya wuce wurin. Na je na gani da idona. Su ukun suna nan a cikin taro, kowa ya yi kamar bai damu ba, amma ana zuwa wurin sai ka ga Tabawa ta daina taunar goro, Tanimu ya sa wayarsa a aljihu, Makau ya sunkuyar da kai. Shi ma Jatau furfura ta fara fito masa, kuma ba a miƙa wa wani waƙar da gurbi a buɗe.

To, ga ku ga ta. Tsakanin wadda ta gane kiɗan, da wanda ya samo tikitin, da wanda ya zama ƙafafu, sunan wa za a sa a wannan gurbi?