Ramin Kurege a Taswirar Zalɓe

Ga ta nan, ga ta nanku, na rantse ba za ku yarda ba.

Ta zo mu ji tukuna.

Manoma suka yi wa dabbobi alkawari, duk gidan da ya shiga taswira, daga mafarin kogi har bakin teku, ba za a nome shi ba. Zalɓe ne mai zanawa.

Ya ce, "Kurege, ina raminka?"

Kurege sarkin tsokana ya nuna masa tsakiyar sarƙaƙiya. Zalɓe ya kutsa ya zana, ya fito duk ƙaya, Kurege na birgima don dariya.

Da damina ta faɗi, garma ta tone ramin Kurege na gaskiya.

"Yaya Zalɓe, wasa fa nake yi."

"Ni kuwa da gaske na zana. Sarƙaƙiyarka na nan, ba wanda ya taɓa."

Can Kurege yake kwana har yau, yana cire ƙaya shiru.

Ƙurunƙus, nan na ajiye ta.