Baƙon da Aka Hana Riƙe Garma

A wani ƙauye akwai wani manomi mai suna Zakka, irin mutumin nan da in ka gaishe shi a hanya sai ya ja ka gida cin tuwo. Wata shekara yaƙi ya koro wani masunci mai suna Mbairo daga ƙasarsu ta bakin babban kogi. Ya iso da matarsa da 'ya'yansa, ba su da kome sai kayan jikinsu. Zakka ya share musu ɗaki a gidansa, matarsa Kande ta ƙara gari a tukunya, maƙwabta suka yi ta kawo tufafi da hatsi.

To, mutanen ƙauyen suna da al'adar gayya. Yau a taru a gonar wannan a yi huɗa, gobe a koma ta wancan, ana kiɗa ana zolayar juna. Mbairo yakan bi su. Amma da ya miƙa hannu zai ɗauki garma, sai Zakka ya yi wuf ya karɓe, ya shimfiɗa masa tabarma a gindin ɗorawa, wai wanda ya sha irin wahalarsa hutu ya kamace shi. Kunu ma shi ake fara ba. Zakka kuwa a ganinsa duk ƙasar babu wanda ya kai shi iya riƙon baƙo.

Mbairo kuwa, bawan Allah, ya yi ta ramewa, ga abinci a gabansa. Ran nan da safe ya zo ya durƙusa, ya yi godiya mai yawa, ya ce za su ƙara gaba. Ina za su? Shi ma bai sani ba.

Hankalin Zakka ya tashi. Ya shiga wurin Kande yana ta faɗa, ko miyarta ce ta rage daɗi, ko yara ne suka ɓata wa baƙin rai. Ta bar shi ya gama tukuna.

"Maigida, ai ba yunwa ke korarsa ba," in ji ta. "Matarsa tare muke daka, har gardama muke yi a kan gishiri, ita ta sake jiki. Shi kuwa ka ajiye shi a tabarma kamar mara lafiya. Kowa yana da mai jiransa a gona, ban da shi."

Zakka ya miƙe. Ya fita ya ɗauko garma mafi nauyi ya danƙa wa Mbairo, ya ce maganar tafiya ta dakata, yau akwai gayya a gonar gwauruwa Tabita, ana kuwa bukatarsa.

To, masunci da garma! Kunyar da ya ja ta tafi a karkace kamar sawun maciji. Tsohuwa Tabita ta zo ta duba, ta kama baki.

"Kai Mbairo, gona ce wannan ko kogi? Koma ka gyara mini. Ba ka shan kununa sai ta miƙe."

Zakka ya ce a ransa shi ke nan tsohuwar nan ta kore masa baƙo. Sai ga Mbairo ya kwashe da dariya har da hawaye, dariyar da ba wanda ya taɓa ji tun zuwansa. Ya koma ya gyara, ana ta yi masa tsiya, shi kuma yana cewa su bari a haɗu a kwalekwale. Da suka koma gida ya ce wa matarsa ta kwance kaya. Zakka ya yanka masa gona, gayya ta gaba kuwa a can aka yi ta.

Ma'anar misalin nan ke nan, 'yan'uwa. Zakka mu ne. Mbairo shi ne duk wanda tashin hankali ya rabo da gida, Ubangiji ya kawo shi ƙofarmu. Ɗaki da abinci wajibi ne, kada mu fasa. Amma wanda kullum ba shi ake yi, ba a taɓa neman kome a wurinsa ba, har yanzu a waje yake. Akwai irinsu a ikkilisiyarmu, suna zama a bencin baya, muna gaishe su da ladabi. A makon nan ka je wurin ɗayansu ka ce masa, "Zo ka kama mini, aikin nan ya fi ƙarfina."