Ƙofar da Makama Ya Kulle

Masu ba da labari sun ce a ƙasar Tudun Gwanki an yi wani hakimi, Makama Jatau, mutum mai sanyin hali, sai dai in ya ƙulla abu a ransa ko da igiya ba a janye shi. A bakin garinsa akwai wata tsohuwar ƙofa ta ƙasa, ita kaɗai ta rage daga ganuwar da kakanninsa suka gina. Ƙofa ce mai zaure a ciki, da rufin azara, da dakali hagu da dama. Makama yana son ƙofar nan son da ya zame masa ciwo. In jaki ya goge ta da kaya sai ya ji kamar haƙarƙarinsa aka goga. Addu'arsa kullum ɗaya ce: kada Allah ya sa ta faɗi a zamaninsa.

Da wasu baƙi daga birni suka zo suka ɗauke ta hoto, suka ce irinta ta yi ƙaranci a ƙasar nan, sai tsoron nasa ya ninka. Da rani ya sa aka kewaye ta da waya, aka yanke wa mutane sabuwar hanya ta gefe, ya sa kwaɗo, ya jefa mabuɗi a aljihu.

To, a kan kukar da ke jikin ƙofar akwai sheƙar wata tsohuwar Shamuwa, wadda ke zuwa da ruwan farko ta tafi da kaka. Ta san Makama tun yana yawo ba wando, saboda haka ba ta sakaya masa magana. Da ta sauka a bana, sai ta tarar da shi da hantsi tsaye a bayan waya, ya zuba wa wata tsaga ido, tsagar da ta taso daga rufi ta nufo ƙasa.

Shamuwa ta ce, "Ranka ya daɗe, wa ya rasu?"

Makama ya ce, "Sannu da zuwa, uwar damina. Ba wanda ya rasu."

Ta ce, "Ikon Allah! Na ga ƙofa ta yi tsit kamar mai takaba. Ina masu jakuna? Ina masu dara?"

Ya ce, "Na kore su, su ne za su kashe ta. Amma dubi abin da na samu yau. Duk tsaron nan, ga tsaga, ga hadari ya fara haɗowa."

Shamuwa ta karkata kai ta ce, "Zauna, Jatau, in ba ka labarin Mai gari Nomau da rijiyarsa. In ka ga dama ka ɗauka, in ba ka gani ba ni dai na huta da fuka-fukaina." Makama ya zauna a kan saiwar kuka, ta fara.

Ta ce a hanyata ta zuwa nan akwai wani ƙauye, Baushe, inda nake yada zango. Suna da rijiya da suke kira Kaka, don ta girmi garin. Bakinta dutse ne, kuma igiyar guga ta ci dutsen nan ta yi masa zane-zane masu zurfi, har kowace unguwa ta san layin da kakanninta suka ja ruwa. Mata na da waƙar da suke yi in suna jan guga, mai lissafa waɗanda suka haƙa ta.

Aka kawo wa Baushe famfo. Mai garinsu Nomau, mutumin kirki irinka, mai taurin kai irinka, ya ce alhamdu lillahi, yanzu Kaka za ta huta. Ya sa maƙeri ya ƙera murfin ƙarfe, don kada igiya ta ƙarasa cinye dutsen, a rasa abin nuna wa baƙi. Ranar da za a ɗora murfin, sai ga gwaggonsa Tasalla, ƙanwar ubansa, ta dogaro sanda ta zo ta zauna daram a bakin rijiya.

Nomau ya ce, "Gwaggo, a yi haƙuri a ɗan matsa."

Ta ce, "Ban matsa wa ubanka ba, kai ne zan matsa wa? Tsaya ka ji abin da ya sami Cindo da ɗakin uwarsa, sannan ka rufe abin da za ka rufe." Nomau ya tsaya don kunya, ta fara.

Ta ce a garin da na yi auren fari akwai wani manomi, Cindo, shi kaɗai ne wurin uwarsa, Iya Ladi. Da Allah ya yi mata rasuwa, Cindo ya rasa inda zai sa kansa. Ya shiga ɗakinta ya dubi gadon kara, ya dubi jeren ƙore, ya dubi murhun da take jin ɗumi, ya fito ya ja ƙyaure ya ɗaure. Ya ce ba mai sake shiga, yana so ɗakin ya tsaya yadda ta bar shi, har ƙamshinta.

Matarsa Delu ta ce, "Malam, bari in riƙa hura wuta a ciki ko da jefi-jefi. Jinka hayaƙi take so." Ya ƙeƙasa ƙasa ya ce atafau. Ya bi gari yana tattaro kayan Iya da aka ara, ludayi da faifai da tukunya, duk ya kai ɗaki ya rufe. Abu ɗaya ne ya gagare shi, dutsen niƙanta, wanda ke gidan maƙwabta. Matan unguwa suka yi masa ca, suka ce sai dai ya haɗa da su ya ɗauka. Ya tafi yana ƙunƙuni.

Gara kuwa ba ta san zumunci ba. Da ta ji ba hayaƙi, ba tsintsiya, ba motsin mutum, sai ta shiga abinta. Damina ta biyu jinka ta rufta a kan komai. Cindo ya tona da hannunsa, bai sami ko ƙwarya ɗaya mai rai ba. Ya zauna a kan tarkacen yana kuka kamar yaro, yana cewa yau Iya ta sake mutuwa. Wallahi na gan shi da idona, har ni sai da na yi hawaye.

Yana cikin haka sai ya jiyo ƙarar niƙa ta bayan danga, wata na cewa, "Ke, yi sauri ki ba ni dutsen Iya Ladi." Wata ta amsa, "Allah ya jiƙan Iya, ita da ba ta hana aro." Ashe haka suke yi kowace safiya, shi bai taɓa tsayawa ya ji ba.

Tasalla ta dubi Nomau ta ce, "Abin da ya kulle ya tafi, abin da ya gagare shi kullewa shi ke sama mata addu'a har gobe. Yanzu ɗauko murfinka."

Shamuwa ta shiga gyara gashinta. Makama ya ce, "To, Nomau ya fasa?"

Ta ce, "Ina fa! Ai na gaya maka irinka ne." Nomau dariya ya yi, ya ce gwaggo, ɗaki daban rijiya daban, dutse ba ya jin gara. Aka ɗaga tsohuwa cikin girmamawa, aka rufe Kaka. Shekaru suka shuɗe. Ran nan baƙi suka zo daga nesa don su ga rijiyar da ake labari, Nomau ya sha babbar riga, ya buɗe murfi da hannunsa. Warin da ya taso sai da ya mayar da kowa baya, don ruwan da ba a ja ya ruɓe ya yi kore. Baƙi suka toshe hanci suka ce to a yi musu waƙar rijiyar. Aka tara 'yan mata, ba wadda ta iya ko baiti. Tasalla kuwa ta riga ta kwanta dama. Zanen dutse na nan lafiya lau, ba wanda ya san na wace unguwa ne. Yaran Baushe yanzu ramin mai gari suke ce mata.

Makama ya juya ya dubi ƙofar. Can ya ce, "Amma ni na ga jakuna na gogar ta da idona."

Shamuwa ta ce, "Ka ga jakuna, ranka ya daɗe, don kana kallo daga kan doki. Ni daga sama nake kallo. Mai jakin da ya goge ta da safe, shi ke dawowa da yamma da curin laka ya shafe wurin, don gobe nan zai fake wa rana. Masu dara in sun ga ɗigo a kan dakalinsu ba sa jiran umarninka. Kana tsammani wa ya riƙe ta tun zamanin kakanninka? Wannan tsagar da kake kallo, da a bara ne ba ta kwana."

Ya ce da ƙaramar murya, "In na buɗe kuma ta faɗi fa?"

Ta ce, "In ta faɗi suna bin ta, kafin ka gama salati sun kwaɓa ƙasa. In ta faɗi a bayan waya, za su ce Allah sarki, ƙofar Makama ta faɗi, su wuce kasuwa."

Makama ya miƙe, ya ce, "Na ji, uwar damina, na kuma karɓa." Ya kira dogarai suka naɗe waya, ya shiga zauren shi kaɗai ya zauna a lungu mai duhu. Ba a jima ba iska ta taso, ruwa ya tsuge. Masu dawowa daga gona suka sheƙo da gudu, suka yi turus a bakin ƙofa, sannan ɗaya ya shiga, saura suka bi shi.

Cikinsu akwai wani tsoho mai fartanya a kafaɗa. Yana matse hularsa ya ɗaga kai ya ga tsagar, ya ce, "Kai! Wane sakarai ne ya bar wannan har ta kai haka?"

Daga lungu Makama ya ce, "Ni ne, Baba."

Tsoho ya ƙura ido ya gane mai magana, ya durƙusa ya kwashi gaisuwa. Da ya ɗago sai ya sake duban tsagar, ya ce, "To, ranka ya daɗe, gobe ka zo da tsohuwar riga. Aikin da yawa."

Nan masu labari suka ajiye zance.