Ranar da Alhaji Hambali Ya Kwance Tazuge a Kotu

Ku gyara zama, ga wata na kawo muku, in na gama kuma ku za ku yanke hukunci.

A garin Kwanar Marke asibiti ɗaya ne tak, na Dakta Bara'atu. Yawancin mutanen garin da katin inshorar lafiya ta gwamnati suke zuwa, a duba su, daga baya hukumar inshora ta biya asibitin. Ana nan sai aka yi wa Alhaji Hambali mai hatsi aikin ƙaba. Da asibiti ya nemi a biya shi, hukuma ta ce na'urarta ta nuna Alhajin ya rasu tun bara, saboda haka aikin ƙarya ne. A kan wannan ta tsayar da duk biyan da take yi wa asibitin. Magani ya ƙare, ma'aikata suka fara watsewa, masu naƙuda sai an kai su birni. Dakta ta kai ƙara kotu.

Lauyanta Lurwanu ne, ɗan garin, wanda bai taɓa cin shari'a ba, amma wajen surutu ba a kama ƙafarsa. Ranar zama, shaida, wato Alhaji Hambali, bai zo ba. Lauyan hukuma ya ce a kori ƙarar, tunda mamaci ba ya halartar kotu. Lurwanu ya miƙe ya ce yana da ɗan bayani. Ya faro daga ma'anar mutuwa, ya gangara tarihin inshora, ya ratse zuwa yadda aka haƙa rijiyar asibitin. Tun hantsi yake abu ɗaya har aka kira azahar. Alƙali ya yi gyangyaɗi ya farka, ya tarar da shi yana kan rijiya. Da Lurwanu ya zauna, da an kori ƙarar.

Shi kuwa Alhaji Hambali guduwa ya yi ƙauyen kakanninsa, don ya ji ana raɗe-raɗin sai ya nuna wurin aikin. Sallau direba, abokinsa tun ƙuruciya, shi ya bi sawu har ya same shi a ɓoye bayan rumbu. Ya yi lallashi, Alhaji ya ƙi. Sai Sallau ya ce, "To shi ke nan, Alhaji. Tunda gwamnati ta ce ka mutu, na baro 'ya'yanka a kotu ana raba musu gado. Rumbunan geron ma har an yi musu ciniki." Alhaji ya riga shi shiga mota. A hanya motar ta mutu, Sallau ya ari amalanke ya tura shi har ƙofar kotu. Ba don shi ba, da Lurwanu ya yi ta magana a banza.

Da lauyan hukuma ya ga mamaci ya shigo yana huci, ya ce ya yarda yana da rai, amma ina shaidar an yi aikin? Alhaji ya waiga. Ba gado ake rabawa ba, kuma ga surukansa a bencin gaba, sun zo kallo. Shi kuwa mutum ne da ko hula ba ya cirewa a gaban jama'a. Ya dubi Dakta, ya tuna matan da ake ɗauka zuwa birni cikin naƙuda. Ya ce wa babban surukinsa, "Baba, ku yi haƙuri ku dubi bango." Ya ɗage riga, ya sassauta tazuge.

Alƙali ya leƙo ta saman tabarau ya ce, "Ya isa, Alhaji, kotu ta gani." Nan take ya yanke hukunci hukuma ta biya asibitin haƙƙinsa, kuma ta tayar da Alhaji a na'urarta. Har yau Alhaji ba ya bi ta layin surukansa.

Asibiti ya farfaɗo, har Dakta ta gina sabon ɗakin haihuwa. Ta ce za ta sa masa sunan wanda ya ceci asibitin, amma mutum ɗaya kawai. Lurwanu ya ce bakinsa ne ya riƙe ƙarar. Sallau ya ce shi ya kawo shaida. Alhaji ya ce su sun yi wahalar yini guda, shi kuwa mutuncinsa ya bari a can.

To jama'a, sunan wa ya kamata a rubuta a ƙofar ɗakin nan?