Mai Gyaran Wuta da Ƙafar Matarsa

Akwai wani mai gyaran kayan wuta da mutanen layinsu ke kira Injiniya. Hannunsa na da albarka. Fanka ko dutsen guga ko rediyo, in ya shiga shagonsa matacce, da rai yake fitowa. Aibinsa dai ba ya iya jira, kuma bai yarda akwai wanda ya fi shi sanin duk wani abu mai waya a jiki ba. Ko ruwa ya ɗora a wuta, sai ya ɗaga murfin sau uku kafin ya tafasa.

Matarsa tela ce. Keken ɗinkinta na ƙafa yana bakin tagar falo, kuma shekara goma sha tara ƙarar kekenta ce ke yi masa sannu da zuwa. Sai ciwon kai ya sa ta gaba, aka gano ƙari a ƙwaƙwalwarta, aka yi mata tiyata. An cire ƙarin lafiya, amma ta farka ƙafarta ta dama ba ta motsi, kuma daga gwiwa zuwa ƙasa ba ta jin taɓi sosai. Ita ce ƙafar da take taka keke da ita.

Ranar da za a sallame su, likitar gashin ƙashi, wata mata mai sanyin magana, ta ba su wata 'yar na'ura da ba ta fi tafin hannu ba. Tana da wayoyi biyu, kowace da ɗan ƙyalle mai danshi da ake mannawa a ƙauri. Ta kunna, sai ga tafin ƙafar ya ɗaga kaɗan, ya koma.

"Baban yara, ka gani?" in ji matar, idonta ya cika da ƙwalla.

Likita ta ce, "Minti ashirin da safe, ashirin da yamma, a lamba uku. Duk lokacin da wutar ta zo, ki yunƙura ki ɗaga ƙafar da kanki, ko da ba ta ɗagu ba. Na'urar tunatar da ƙwaƙwalwa take yi, ke ce mai aikin. Malam, kai kuma ka riƙa duba fatar, domin ko ta ƙone ba za ta ji ba. In ƙyallen ya bushe, ku dawo a ba ku sabo."

Injiniya ya juya na'urar, ya yi murmushi. "Likita, wannan ai ko kyankyaso ba za ta tayar ba. Mu da muke kwana muna tashi da wuta."

"Wutar ka sani, Malam. Ƙafar ce ba ka sani ba tukuna."

Ya yi dariya, amma maganar ta tsaya masa a rai.

Mako uku suka bi ƙa'ida. Matar na zaune a kujera, ƙafar a kan matashi, tana cije leɓe tana yunƙuri har gumi ya tsattsafo mata. Wata safiya ta ƙwala masa kira. Na'urar a kashe take, amma babban yatsanta ya motsa, ita da kanta.

"Yatsa ɗaya a mako uku?" ya ce. "A haka sai mun yi jika kafin ki taka keke."

"To ai jikan zai so riga," ta ce, tana dariya. "Ka bar ni da tafiyar hawainiyata."

Shi kuwa bai ga abin dariya ba. Kullum ya shigo ya ga keken a lulluɓe da zane, sai zuciyarsa ta karye. Yana son matarsa, yana son ya gan ta a tsaye, kuma yau yake so, ba gobe ba. Ya fara da murɗa lambar zuwa biyar. Ƙafar ta yi tsalle, ya ji daɗi. Da ya ga na'urar na kashe kanta in minti ashirin ya cika, sai ya tafi da ita shago, ya kwance ta, ya cire abin da ke katse ta, ya ƙara mata ƙarfi. Da ƙyallayen suka bushe, bai ga dalilin bin layin asibiti ba. Ya yanko falle biyu na jan ƙarfe, ya goge su, ya ɗaure mata da bandeji.

"Baban yara, ba haka likita ta ce ba fa."

"Maman yara, batirin da ya yi sanyi caji yake so. Dubi yadda take ɗagawa! Da can tana yin haka?"

Ta duba. Lallai ƙafar na ɗagawa sama, ta faɗo, ta sake ɗagawa. Sai dai ba ita ke ɗaga ta ba. Wutar ta fi ƙarfin yunƙurinta, har ta daina yunƙurin, ta koma 'yar kallo. Ta so ta ƙara magana, ta ga farin cikin fuskarsa, ta ƙyale shi. Ranar komawa asibiti ta zo, ya ce a ɗaga zuwa wani mako, so yake ta shiga da ƙafarta likita ta sha mamaki.

Ran nan ya ɗaura mata da hantsi, aka kira shi shago, ya ce yanzu zai dawo. Maganin da take sha ya sa barci ya ɗauke ta. Sai bayan azahar ya shigo. Tun daga bakin ƙofa ya ji warin da ya sani sarai, warin abin da wuta ta ci. Ya kwance bandejin. Fatar ta biyo ƙarfen.

"Mene ne?" ta tambaya, tana mutsittsike ido. Ko kaɗan ba ta ji ba.

Da suka je asibiti, likita ba ta yi faɗa ba, kuma da ta yi, da ya fi masa sauƙi. Ta daɗe tana kallon ƙarafan, sannan ta ce, "Ba za a ƙara sa mata na'ura ba sai miki ya warke."

Mikin ya ci ruwa, ya yi zurfi. Wata huɗu ana wanki. Watannin nan kuwa su ne waɗanda jiki ya fi karɓar gashi bayan tiyata. Kafin fata ta haɗe, jijiyar dunduniya ta ƙage, tafin ƙafar ya sandare yana kallon ƙasa. Yatsan ma bai sake motsi ba. Daga baya matar ta miƙe, amma da sanda, tana jan ƙafar.

Injiniya ya rame, surutunsa ya ƙare. Wata rana ya yaye zanen da ke kan keken, ya sa masa injin lantarki da makunni na hannu, ya cire matakin ƙafar ya jingine a bayan ƙofa. Ta zauna, ta danna, allura ta ruga a guje. Ta ɗinke gefen wani zane, ta tsaya.

"Ya yi kyau, Baban yara. Allah ya saka." Ta shafa keken. "Sai dai yana da sauri. Ni na saba da nawa takun."

Ba da nufin komai ta faɗa ba. Shi ne ya fita tsakar gida, ya zauna a kan bokiti, ya rufe fuska da hularsa.

Darasin da ke cikin wannan labari shi ne, jiki ba inji ba ne, yana da lokacinsa, kuma ba a yi masa dole. Gwanintar mutum a sana'arsa ba ta mai da shi gwani a ta wani. Ba mugunta ce ta cuci matar nan ba, ƙauna ce da ta rasa haƙuri, garin neman gira aka rasa ido. In kana jinyar naka, ka bi abin da masana suka tsara, ka koma ka tambaya kafin ka ƙara ko ka rage. In kuma Allah ya nuna maka yatsa ɗaya ya motsa, ka gode, ka jira na biyu.